Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi game da masu cikon haƙori cikin miyau

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin ɗaukar nauyin jama'a, mu talakawanka mazauna Zango, maza da mata, muna durƙusawa a gabanka da wani kuka da muka daɗe muna haɗiyewa, har abin da ya faru makon jiya ya nuna mana cewa shirun ba zai ƙara amfanar kowa ba.

Wata uwa daga cikinmu, mai sayar da koko da ƙosai da asuba, ta kai 'yarta mai shekara 14 ɗaya daga cikin shagunan da ake gyaran haƙori a lungunanmu, saboda kogon da ya kama mata matauni. Mai shagon ya cike kogon da farin ciko, ya karɓi kuɗinsa. Kwana uku bayan haka yarinyar ta tsinci cikon a lomar tuwo. Aka koma, aka sake biya, ya sake faɗuwa. A karo na uku ya zauna, kowa ya ce alhamdu lillahi, ashe ruɓa ce take ci a ƙarƙashinsa. Daren Alhamis kuncinta ya kumbura har ido ya rufe, ga zazzaɓi, aka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, inda aka yi kwanaki ana fama kafin a cire haƙorin gaba ɗaya. Haƙorin girma ne, ranka ya daɗe, ba na nono ba, wani ba zai tsiro a gurbinsa ba har abada. Uwar ta shaida mana da bakinta cewa duk sau ukun tana tsaye a wurin: babu injin tsotse miyau, yarinyar tana tofarwa a gwangwanin madara, dasashinta yana jini, shi kuwa sai ya goge da 'yar auduga ya ci gaba da liƙi. Da ta koma ta yi masa magana, cewa ya yi yarinyar ce ta tauna ƙashi.

Allah ya taimake ka, da farko mu ma mun ɗauka laifinmu ne, domin kullum abin da ake gaya mana ke nan, wai goro ne, wai kilishi ne, wai haƙoran mutanen Zango ne ba su riƙe ciko. Sai da muka zaunar da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke karatun likitan haƙori a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi, ya warware mana yadda aikin yake. Farin ciko ba ya kama haƙori da kansa, sai da gam na musamman. Kafin a shafa gam ɗin ana ɗora wa haƙori wani asid na kimanin daƙiƙa 15 zuwa 30, ya buɗe ƙananan ramuka a ɓawonsa waɗanda ido ba ya gani, gam ya shige su ya riƙe, dabarar da wani likita ɗan Amurka, Michael Buonocore, ya bayyana tun shekarar 1955. To, idan miyau ya taɓa wurin bayan an wanke asid ɗin, ko da na ɗan lokaci ƙalilan ne, yauƙinsa yakan rufe ramukan nan, gam ya zauna a kan yauƙi maimakon haƙori. Gogewa da auduga ba ta gyara wannan, sai an wanke an sake shirya wurin. Jini ma haka, har ya fi muni. Kuma bakin mutum yana fitar da miyau daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, ba zai tsaya don ana aiki ba, musamman a matauna na ƙasa inda yake taruwa.

Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon haƙori yana da ruwan kansa da zaruruwa masu laushi, idan aka busar da shi ƙayau bayan asid zaruruwan sukan kwanta, gam ya kasa shiga. Ke nan aiki ne na awo, ba jiƙe sharkaf ba, ba bushe ƙayau ba, kuma wanda bai yi karatunsa ba ba zai san iyakar ba. Cikon da aka yi cikin laima, idan bai faɗi ba ma, yakan bar 'yar kafa a gefensa, abinci da ƙwayoyin cuta su riƙa shiga, mutum ya ji tsami idan ya sha ruwan sanyi, haƙori yana ruɓewa a ɓoye. Abin da ya sami 'yarmu ke nan.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. Shimfiɗar robar da ake huda wa rami a zura haƙori ya fito shi kaɗai, miyau ya tsaya a ƙarƙashi, an ƙirƙiro ta tun 1864. Akwai injin tsotse miyau, akwai naɗaɗɗiyar audugar da ake sawa gefen harshe da kunci ana sauyawa. Inda ba za a iya tsare laima sosai ba, akwai wani ciko da ake kira gilas ayonoma, wanda ya fi jure danshi, aka kuma yi amfani da shi a ƙauyukan Tanzaniya da babu lantarki tun shekarun 1980. Saboda haka ɗauke wuta, wannan dumsor da muke fama da shi, ba hujja ba ce ta liƙa wa mutum farin ciko cikin miyau a karɓi kuɗinsa.

Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne kukanmu na farko ba. Mun yi magana da masu shagunan cikin mutunci, mun kai wa mai unguwa, an yi sanarwa a masallaci, an yi zama ba ɗaya ba ba biyu ba, an yi alkawari, aka watse. A tsakanin nan dattawa nawa ne cikonsu ya faɗi, kuma mata nawa ne haƙorin Makkarsu ya kwaɓe aka mayar musu da gam ɗin kanti irin wanda ake liƙa takalmi da shi, ba mu iya ƙirgawa. Mutane suna zuwa wuraren nan ne don kusa ne, kuma don ana jin Hausarsu, ba don sun raina lafiyarsu ba.

Don haka muna roƙon Mai Martaba, da girman kujerarka, ka isar da wannan kuka ga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana, wadda dokar ƙasa mai lamba 857 ta shekarar 2013 ta ɗora wa rajistar masu wannan aiki, da kuma hukumar HeFRA mai ba wuraren kiwon lafiya lasisi, su shigo Zango su duba wane ne yake da takarda, wane ne ba shi da ita. Muna roƙon duk inda aka samu ana ciko babu abin tsotse miyau a dakatar da shi nan take, ba sai an jira wani yaron ya kumbura ba. Muna roƙon a nemi likitocin haƙori na asibitin koyarwa na Komfo Anokye su riƙa zuwa suna yi wa jama'a bayani da Hausa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, limamai kuma su faɗakar bayan sallar Juma'a cewa katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗaukar cire haƙori da ciko mai sauƙi a asibitocin da suka yi rajista. Muna kuma roƙon a kira mai shagon nan fada, a gaban uwar, ya mayar mata da kuɗinta na sau uku da abin da ta kashe a asibiti, domin jarin kokonta ne ya tafi, kuma har yau ba ta hura wuta ba. Mun sake roƙo, ranka ya daɗe, a zo a duba shagunan nan kafin watan ya ƙare.

Uwar da 'yarta a shirye suke su zo fada duk ranar da ka kira, kuma cikon farko da ya faɗi yana nan ƙulle a leda za su taho da shi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye da mazauna Zangon Kumasi