Mararaba ko Kubwa, ina zan ajiye iyalina?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni mai sauraron shirinki ne tun ina Zariya, yanzu kuma a waya nake bin ku. Dan Allah ki sakaya sunana, matsalar ba ta aure bace irin wadda aka saba kawo miki, amma wallahi tana neman taɓa auren.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara biyu kenan da aka maido ni Abuja, ofis ɗinmu yana kusa da Sakatariya. Matata da yaranmu uku suna Zariya, babbar tana aji huɗu na firamare, ƙaramin ko yaye ba'a yi ba. Ni kuma ina raɓe a ɗakin wani abokina a Mararaba, sai bayan sati biyu ko uku nake leƙa gida, tunda aka cire tallafin mai a 2023 ma wani lokacin sai nayi wata cur ban je ba. To yanzu uwargida tace ita fa ta gaji da auren waya, kuma gaskiyarta ne, zuwana na ƙarshe ƙaramin nan da na miƙa hannu zan ɗauke shi sai ya fashe da kuka ya ruga bayan uwarsa. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Shine na fara neman gida, anan kaina ya ɗaure.

Mararaba dai na santa ciki da bai. Haya da sauƙi in aka kwatanta da cikin gari, Hausawa ko'ina, masallatai da islamiyyu ba sai ka nema ba, kasuwa a bakin ƙofa, kayan miya da araha. Amma Hajiya hanyar nan! Duk wanda ya taɓa bin titin Keffi da safe ya san me nake faɗa. Tafiyar da ranar Lahadi bata fi minti ashirin ba, ranar Litinin sai ta cinye maka awa biyu, daga gadar Mararaba zuwa Nyanya zuwa Kugbo har ka isa mahaɗar AYA ta shiga gari motoci kamar an ɗaure su da igiya, ga masu hannun banza suna shigowa ta gefe, ga tirela in ta lalace a hawan Kugbo to ranar kowa ya makara. Ni biyar da kwata nake fita, sau da yawa asuba a masallacin bakin titi nake yinta, in dawo bayan isha'i jiki duk ya mutu. Sai nake tambayar kaina to in na kawo yaran nan Mararaba me na canja? Zan fita suna barci in dawo suna barci, bambancin kawai a Zariya ga kakanninsu kusa, anan kuwa ita kaɗai zata wuni da su a gidan haya. Masaka da Ado ma an ce min in duba, sun fi arha, amma ai ƙara nisa ne.

Sai Kubwa. Ita ce ta kwanta min gaskiya. Titin yana da faɗi, in ka fito da wuri kafin bakwai ka isa ofis ba tashin hankali, akwai babban asibitin gwamnati, makarantu kala-kala, ga tashar jirgin ƙasa na Kaduna a nan take, sai kawai ta hau da yara ta sauka Rigasa ta nemi motar Zariya, ko a mota ma ta Zuba ake fita ba sai an ratsa gari ba. Matsalar kuɗi ce. Ciki biyu da falo da dillali ya nuna min, in ka haɗa hayar shekara da kuɗin dillali da na lauya da wanda suke riƙewa wai ko ka lalata wani abu, ya kusa ninki biyun na Mararaba. In na biya to sai dai in ci bashin ƙungiyarmu ta ofis a riƙa yankar albashi, ga kuɗin makarantar yara yana jira. Wani dillalin ma dubu biyar ya karɓa kuɗin gani, ya zaga dani a rana ya nuna min gidan da ko rijiya babu sai 'yan garuwa, da na yi magana yace ai haka Abuja take.

Lugbe na je sau biyu. Titin filin jirgi lafiya lau ne, amma da ka sauka daga kwalta ka shiga ciki sai jar ƙasa, kuma wasu rukunin gidajen can da na Lokogoma ambaliya tana cinsu da damina, ni da ƙananan yara bazan iya wannan kasadar ba. Dutsen Alhaji da hanyar Bwari akwai sauƙi, saidai tun sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari farkon 2024 matata ko sunan bata son ji. Gwarinpa kuwa ban ma tambaya ba, kowa ya san tsawon ƙafarsa.

Ga kuma wani ƙulli. Uwargida so take mu zauna Suleja saboda yayarta na aure a can, tace ko ba komai in bana nan tana da inda zata shiga, kuma garin Hausawa ne kamar gida. Na fahimce ta, amma daga Suleja sai na wuce Madalla da Zuba da Dei-Dei da Kubwa ɗin kanta kafin in shiga gari, kuma bani da mota, motar haya nake bi, ga tsoron 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, in dare yayi. Mahaifiyata kuma cewa take in barsu a Zariya kawai, wai Abuja ba wajen tarbiyya bane, in tara kuɗin in sayi fili. Kinga mutum uku ra'ayi uku, ni ne a tsakiya.

Ni dai a raina Kubwa nake so ko da ciki ɗaya da falo ne mu matsu, in dai zan riƙa cin tuwon dare da yarana in ji haddarsu kafin su kwanta. Amma ina tsoron in ɗauko bashi shekara ta zagayo mai gida ya ƙara haya mu koma neman wani wajen da yara a tsakiyar zangon karatu.

To Hajiya ya kike gani, ya dace magidanci ya ci bashi saboda kusanci da wajen aiki? Kuma ta yaya zan fahimtar da mahaifiyata ba tare da ta ga kamar na fifita maganar mata akan tata ba? In akwai masu sauraro mazauna Kubwa, musamman wajen Gbazango ko Byazhin, dan Allah su faɗa min gaskiyar yadda ruwa da wuta da tsaro suke, da islamiyya mai kyau ta yara. Nan da hutun ƙarshen zango nake son yanke shawara saboda a samu a yi musu canjin makaranta.

Nagode, Allah ya ƙara basira.
Daga wani magidanci a Mararaba