Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗana mai ajiyar masara

Ɗana, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

A taron zumuntar maza ka miƙe ka yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsa. Tun da a bainar jama'a ka yi ta, ga amsar a bainar jama'a. Ka ce kana sayen masara da kaka a kasuwar Saminaka, ka kulle a sito, sai damina ta yi nisa farashi ya tashi ka fitar. Wani ɗan'uwa ya karanta maka Karin Magana 11:26, inda aka ce mutane za su la'anci mai ɓoye hatsi, kai kuma ka kāre kanka da Yusufu wanda ya tara hatsi shekara 7 a Masar. Kana son sanin wacce daga cikinsu ce taka.

Ajiya kanta ba zunubi ba ce, kada kowa ya ɗora maka wannan nauyi. Littafin da ya yi maganar la'ana shi ne ya ce a sura 6 mu je mu koyi hikima wurin tururuwa, mai tara abincinta da kaka. Da babu masu ajiya, da manomi bai sami mai saye ba ranar da kuɗin makaranta ya taso, da kuma an wayi gari a watan Agusta babu ko tiya ɗaya a kasuwa. Kana biyan hayar sito da lodi da dako, ƙwari da ɓera suna cin rabonsu, farashi kuma yana iya juya maka baya kamar yadda ya yi wa masu ajiya da yawa a 2025. Ribar da ta fito daga wannan wahala taka ce.

Amma ka sake karanta labarin Yusufu har ƙarshen Farawa 41. Kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa ya tara a shekarun ƙoshi, domin kada ƙasar ta hallaka. Da yunwa ta kama, aya 56 ta ce ya buɗe rumbunan ya sayar wa mutane. Wannan ayar ce muke tsallakewa. Haka ma Karin Magana 11:26 ba ta tsaya a kan la'ana ba, ta ci gaba da cewa albarka tana bisa kan wanda ya sayar. Ba a ce ya raba kyauta ba. An ce ya sayar, a lokacin da ake nema. Saboda haka tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce: wace rana nake buɗe ƙofar sitona, kuma me nake jira?

Idan kana jiran kuɗinka ya dawo da riba daidai gwargwado, kasuwanci kake yi. Idan kuwa ribar ta riga ta fito, kana ganin gwauruwar da kuke zama benci ɗaya ranar Lahadi ta koma auna rabin mudu, tana dama kunu da safe yara su kai dare da shi, kai kuma ka ƙara kwaɗo a ƙofa kana fatan abin ya ƙara tsanani, to, ɗana, zuciyarka ta fara yi wa yunwar maƙwabcinka addu'a. Wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro, fiye da bakin mutane. Mai arzikin nan na Luka 12 ba satar hatsi ya yi ba, gonarsa ce ta yi albarka. Ka duba maganarsa: amfanina, rumbunana, raina. Babu mutum na biyu a cikin lissafinsa, kuma a daren nan aka nemi ransa.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba, amma suna cikin sana'ar, ba zan yi shiru ba. Na farko mudu. Ka san yadda ake yi: babban mudu na saye a hannun manomi, wani mai bugaggen gindi na sayarwa. Annabi Amos, a sura 8, ya kira masu rage ma'auni da masu sayar da dusa a matsayin alkama, ya ce Ubangiji ba zai manta da ayyukansu ba. Na biyu magani. Masu zuba maganin ƙwari na Sniper cikin wake don ya daɗe a sito, guba suke aika wa tukunyar wani. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuwa muka ci gaba da ci. Buhun PICS mai hana iska shiga ya fi tsada, amma ka saya, ka sa kuɗinsa cikin farashi da idonka biyu. Haka kuma ba wa manomi bashi a tsakiyar damina don ya biya da buhu biyu ranar kaka: wannan cin gumin talaka ne, ko da shi ya zo ya roƙa.

Ga shawarata. Tun ranar da ka gama lodi, kafin kwaɗayi ya sami bakin magana, ku zauna kai da matarka ku yi addu'a, ku rubuta ribar da ta ishe ku da watan da za ku buɗe. In lokacin ya yi, ka buɗe ko da abokan kasuwa suna cewa ka yi gaggawa. Ka kuma ware buhun da ba zai shiga motar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ba, wanda za a auna mudu mudu a unguwa kan farashi mai sauƙi. Dokar kala a Littafin Firistoci 19 ta hana mai gona girbe gefen gonarsa, da ita Rut ta ciyar da Na'omi a gonar Bo'aza. Nawa ne gefen sitonka, ba zan yanka maka ba. Dattawan ikkilisiya sun san gidajen da wuta ba ta tashi kullum, ka tambaye su a asirce kafin watan Yuli.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka cikin Almasihu,
Dattijon ikkilisiyarku