A Dawo da Zare da Faifai Cikin Ajin Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan yadda ake koyar da awon da'ira da na ƙwallo a makarantunmu na sakandare, al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun ina riƙe da alli har na yi ritaya.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a hutun da ya gabata jikata da ke aji biyu na babbar sakandare ta zo mini da littafinta tana alfahari cewa ta haddace ƙa'idojin wannan babi duka. Ta kuwa karanto su tiryan-tiryan: kewayen da'ira 2πr, filinta πr², fatar ƙwallo 4πr², cikinsa kuma 4/3πr³, inda r ke nufin rabin faɗin da'irar ko ƙwallon. Na yaba mata, sannan na ɗauko faifan kakarta da zare, na ce ta gaya mini sau nawa kewayen faifan ya ninka faɗinsa. Yarinyar nan ta yi shiru, ta juya faifan, daga bisani ta ce ai ba a ba ta r ba. Ban ga laifinta ba, domin a iya zamanta a makaranta ba a taɓa sa ta ta auna wani abu mai zagaye da hannunta ba.

Alamar nan π, wadda ake kira fai, amsar tambayar da na yi mata ce kawai. Duk abin da yake da'ira, faifai ne ko bakin ƙwarya ko tayar keke, idan aka zagaya shi da zare sannan aka gwada zaren a kan faɗinsa, wato daga baki zuwa baki ta tsakiya, za a samu faɗi uku da ɗan ragowa kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Daga nan 22/7 ta fito. Da muka gwada da faifai, da murfin tukunya, da bakin bokiti, ta ga amsar ba ta sauya ba, sai ta tambaye ni ko wane ne ya fara lura da haka, kuma ina ganin a nan karatun ya soma.

Tambayar tana da amsa mai daɗi da malamai ba su cika bayarwa ba. Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya kuma rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira da wata a wajenta, ya tabbatar da cewa π ta fi 223/71 amma ba ta kai 22/7 ba. Alkhawarizmi na Bagadaza ya kawo 3.1416 a littafinsa na aljabra, Alkashi kuma a Samarkand ya kai lissafin har gurbi 16 bayan ɗigo a shekarar 1424. A 1761 ne Johann Lambert ya nuna cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a samu π daidai wa daida. Saboda haka ɗalibin da ya bar makaranta yana zaton 22/7 ita ce π an bar shi da kuskure, domin 22/7 tana ba da 3.1428, ita kuwa π tana farawa da 3.1415. Kusanci ne mai isarwa ga jarrabawar WAEC da NECO da aikin yau da kullum, amma ya kamata a gaya wa yaro gaskiyar abin.

Inda na fi son a tsaya a jima shi ne batun ninki, domin nan ne ilimin yake shiga aljihun mutum. Mu ɗauki rijiya mai faɗin mita 1.4. Kewayen bakinta mita 4.4 ne, filin gindinta kuma murabba'in mita 1.54. Idan ruwan da ya kwanta a cikinta ya kai zurfin mita 2, akwai lita 3,080 ke nan, wato jarka 123 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. To idan aka ninka faɗin rijiyar ya zama mita 2.8, mafi yawan ɗalibai za su ce ruwan ya ninka sau biyu, alhali sau huɗu ya ninka, ya zama lita 12,320, shi kuwa kewayen da za a ɗaure da siminti sau biyu kacal ya ƙaru. Mai haƙar rijiya da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan a jikinsa, tunda shi ke kwashe ƙasar, kuma da turke da igiya yake zana da'irarsa kafin ya sa diga, kamar yadda magina rumbu suke yi. Abin takaici ne a ce mai takardar sakandare ya kasa bayyana abin da leburan ya sani.

A ƙwallo kuwa ninkin sau takwas ne. Kankana mai faɗin santimita 30 ta fi mai santimita 20 ciki fiye da sau uku, domin 27 a kan 8 ne, don haka ko mai kankana ya ce kuɗin babbar ya ninka na ƙaramar, babbar ce mai araha. Na tabbata ɗalibin da aka yi wa wannan misali ba zai sake rikita r² da r³ ba.

Su ma ƙa'idojin ƙwallo ana iya nuna su ba tare da kashe kuɗi ba. A yanka lemu gida biyu, a kifa rabin a kan takarda a zana da'ira huɗu da bakinsa, sannan a ɓare bawon lemun duka a gutsuttsura shi a jera a cikin da'irorin. Zai cika huɗun, ko ya yi kusa ƙwarai, kuma ma'anar 4πr² ke nan. A samu gwangwani wanda faɗinsa da tsayinsa suka yi daidai da wata ƙwallo, a cika shi da ruwa, a danna ƙwallon ciki, kashi biyu cikin uku na ruwan zai zube. Wannan sakamako ne Arkimidis ya fi alfahari da shi, har ya bar wasiyya a zana shi a kan kabarinsa.

Haka nan babin layukan duniya da ake yi a aji uku, inda ake ba ɗalibi kilomita 6,400 a matsayin rabin faɗin duniya, a ce ya nemo nisan garuruwa biyu da ake kira P da Q. Me zai hana a ce Kano da Damagaram? Kano tana kan digiri 12 arewa, Damagaram tana kusa da 13.8, kusan a kan layi guda suke daga kudu zuwa arewa, kuma kowane digiri ya kai kimanin kilomita 111, sai lissafi ya ba da kusan kilomita 200 a miƙe. Yaron da kawunsa ke fatauci a wannan hanya zai so ya san dalilin da ya sa tafiyar mota ta fi haka tsawo.

Na san uzurin da abokan aikina za su kawo, cewa aji ya cika maƙil, manhaja tana da yawa, lokaci kuma kaɗan ne, kuma ban ƙaryata su ba domin na ɗanɗana. Sai dai abin da nake nema darasi biyu ne rak a farkon babin, a fita da yara ƙarƙashin bishiya da zare da rula da kayan kicin, a kuma yi musu bayanin farko da Hausa kafin a koma Turancin jarrabawa. Ina kira ga shugabannin makarantu da masu duba malamai na ma'aikatun ilimi da kwalejojin horar da malamai su sanya wannan cikin abin da suke tambaya idan sun shiga aji, kuma ni kaina a shirye nake in je kowace makaranta da ke kusa da ni da faifaina da lemuna, ba tare da an biya ni ko kwabo ba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi, Zariya