Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Riƙa Faɗakar Da 'Yan'uwanmu Kan Haɗarin Hunturun Bahar Rum

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da nake ganin kafofin labaranmu na Hausa ba su ba shi haƙƙinsa ba, wato irin haɗarin da hunturu yake jefa 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum da masu ratsawa ta cikinsu. Duk shekara idan damina ta ƙarato kuna buga hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, manomi ya san lokacin shuka, mazaunin bakin kogi ya san ko zai tashi, kuma wannan aiki ne abin yabo. Sai dai masu karanta ku a yau sun wuce Kano da Maraɗi da Kumasi, domin akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani masu jin Hausa a Libiya da Tunisiya da Maroko da Italiya da Faransa da Sifaniya, waɗanda ba a ba da labarin yanayin da suke ciki sai bayan an tsamo gawa daga teku ko an tono ta daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya iya karanta sararin samaniya. Idan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, ya san ruwa na tafe, ya kuma san cewa cikin awa ɗaya ko biyu gari zai washe. Wannan sanin shi ne yake yaudarar mutanenmu a nan Turai, saboda guguwar hunturu a Bahar Rum takan kwana uku ko huɗu tana abu ɗaya, kuma a lokaci guda tana zuba dusar ƙanƙara a kan tsaunuka, tana tumɓuke itatuwa a cikin gari, tana tura raƙuman ruwa zuwa gaɓa.

Guguwar da hukumar hasashen yanayi ta Sifaniya ta raɗa wa suna Gloria a watan Janairun 2020 ta isa misali. A wancan makon matsin iska ya yi sama ƙwarai a kan Birtaniya, har ya kai wani matsayi da aka shafe shekaru da dama ba a gani ba, yayin da ya yi ƙasa a yammacin Bahar Rum. Iska kuwa daga inda matsi ya yi yawa take kwarara zuwa inda ya yi kaɗan, kuma gwargwadon bambancin gwargwadon ƙarfinta. Sai ta yi ta kaɗawa daga gabas a kan buɗaɗɗen teku na ɗaruruwan kilomita, tana kwasar danshi tana tara ruwa a gabanta. Girman igiyar ruwa ya dogara ne da ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da nisan da ta yi a kan teku babu abin da ya tare ta, kuma duka ukun sun haɗu a wancan karon. Na'urar awo da ke kusa da tsibirin Mallorca na Sifaniya ta auna igiya mai tsayin fiye da mita 14, ruwan gishiri ya kutsa kimanin kilomita 3 cikin gonakin shinkafa na bakin kogin Ebro, aka rufe filin jirgin saman Alicante. Wannan danshin dai da ya hau tudu ya haɗu da sanyi, sai ya sauko a matsayin dusar ƙanƙara da ta datse ƙauyukan lardunan Teruel da Castellón. Mutum aƙalla 13 ne suka rasa rayukansu, wasu teku ta janye su, wasu sanyi ya kashe su a inda suke kwana a waje, wasu gini ko ɓaraguzai suka faɗo musu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, kasancewata mazaunin Torino a arewacin Italiya, shi ne tsaunukan Alps da muke hangowa daga cikin gari. Tun daga wajajen 2017 matasa 'yan Afirka ta Yamma suke hawa jirgin ƙasa zuwa garuruwan Oulx ko Bardonecchia da ke kusa da iyaka, daga nan su kama hanyar Faransa da ƙafa, wasu ta mashigin Échelle mai tudun mita 1,762, wasu ta Claviere da Montgenèvre mai tudun kimanin mita 1,850, da nufin su sauka a garin Briançon na Faransa. A taswirar waya tafiyar ba ta da nisa, shi ya sa yaro yake ganin zai yi ta a dare ɗaya da takalmin wasanni da wandon jins. Abin da taswira ba ta nuna masa shi ne, duk hawan mita 1,000 sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Ke nan wanda ya bar Torino ma'auni yana kan sifili zai tarar da kusan digiri 10 ƙasa da sifili a Montgenèvre, idan kuma iska tana gudun kilomita 30 a awa, jikinsa zai ji kamar digiri 20 ƙasa da sifili. Yawancinsu da dare suke tafiya, suna kauce wa titi don gudun 'yan sandan iyaka, su faɗa cikin daji inda dusar ƙanƙara take kai wa gwiwa ko ƙugu, sawun da suka bari kuma iska ta shafe shi cikin 'yan mintoci. A watan Mayun 2018 an tsinci gawar wata matashiya 'yar Najeriya a kogin Durance kusa da Briançon, a watan Fabrairun 2019 kuma sanyi ya kashe wani matashi ɗan Togo da aka tsinta a gefen hanyar da ta sauko daga Montgenèvre. Akwai waɗanda ba a ganin gawarsu sai bazara ta zo ƙanƙara ta narke, akwai kuma waɗanda suka tsira da rai amma likitoci suka yanke musu yatsu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda sanyi yake kisa, domin ba ya zuwa da zafin ciwo da zai sa mutum ya yi ihu. Zafin jikin ɗan'adam yana wajen digiri 37, da zarar ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da farko mutum zai yi ta karkarwa, wadda ita ce hanyar da jiki yake ƙoƙarin ɗumama kansa. Idan karkarwar ta tsaya alhali ana cikin sanyin, to al'amari ya ƙara muni ne, ko da shi mai abin yana cewa ya ji sauƙi. Daga nan magana ta fara harɗewa, tunani ya rikice, barci mai daɗi ya riƙa fizgarsa, wani ma ya fara tuɓe tufafi yana cewa zafi yake ji. Duk wanda ya ce a bar shi ya ɗan huta a kan ƙanƙara a wannan hali, kada abokan tafiya su saurare shi. Tufafin auduga idan suka jiƙe da gumi ko ƙanƙara janye ɗumin jiki suke yi, barasa kuma buɗe jijiyoyin fata take yi ɗumin ya tsere. Hannu ko ƙafar da ta daskare ba a murza ta, ba a kara ta a wuta, ana sa ta ne cikin ruwa mai ɗumi daidai jiki, shi ma sai an tabbata ba za a sake komawa cikin sanyin ba. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, kyauta ce, kuma masu aikin ceto a kan dutse suna fita ko da tsakar dare ne. Na sha jin matasa suna cewa tsoron a mayar da su baya ne yake hana su kira, ni kuwa a ganina wanda aka mayar Italiya da ƙafafunsa biyu bai yi asara ba. A Oulx akwai masauki da ke ba matafiya takalma da riguna masu kauri, a Briançon ma akwai masu aikin sa-kai da ke hawa dutse da dare suna neman waɗanda suka ɓata.

Sai kuma zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda iska ce babbar mai haddasa ta. Iska takan kwashe dusar daga fuskar dutse ɗaya ta jibge ta a ɗaya fuskar, ta zama wani faifai mai nauyi da ke zaune a kan sako-sakon dusar da ke ƙarƙashinsa, musamman a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, kuma nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinka shi. Ƙasashen Turai suna auna wannan haɗari da mataki 1 zuwa 5, amma kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, saboda mutane suna ganin lambar tsakiya ce su raina ta. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu, bayan rabin awa kuwa mafi yawa numfashinsu ya riga ya ƙare. Ko gini ba ya tsira, domin a ranar 18 ga Janairun 2017 dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne otal ɗin Rigopiano a yankin Abruzzo na tsakiyar Italiya, mutum 29 suka mutu.

Akwai wani haɗarin da ya shafe mu kai tsaye saboda al'adarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin sanyi. Gidajen nan a toshe suke ruf, babu kafar da iska za ta shiga, garwashi kuma yana fitar da wata guba marar wari marar launi da ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Haka abin yake ga wanda ƙanƙara ta tsare a mota ya bar inji a kunne alhali dusar ƙanƙara ta toshe salansa, wato bututun hayaƙin motar. A Murree ta ƙasar Pakistan mutum fiye da 20 ne suka mutu cikin motocinsu a watan Janairun 2022, sanyi da wannan hayaƙi suka haɗu a kansu.

Game da teku, masu safarar mutane sukan rage kuɗin tsallakawa da hunturu, kuma duk mai hankali ya kamata ya tambayi kansa dalilin rangwamen. Ruwan Bahar Rum a wannan lokaci yakan sauka zuwa wajen digiri 14 ko 15, sanyin da ke kashe ƙarfin hannu da ƙafa har gwanin iyo ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Teku tana iya kwantawa lumui a gaɓar Libiya ko Tunisiya da safe, alhali wata iska da ta taso daga nesa ta riga ta aiko da raƙuman ruwa da za su tari jirgin roba a tsakiyar hanya. Hango fitilun gari ma bai nufin an tsira ba, domin igiyar ruwa ta fi tashi da karyewa a inda ruwa ya fara rashin zurfi. A daren 26 ga Fabrairun 2023 wani jirgin katako da ya taso daga Turkiyya ya daki tudun yashi a Cutro da ke kudancin Italiya, tazara kaɗan daga gaɓa, ya tarwatse, mutum aƙalla 94 suka halaka, fiye da 30 daga cikinsu yara ne. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 3,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum a shekarar 2023 kaɗai. Waɗanda suke zaune lafiya da takardunsu ma ba su kuɓuta ba, saboda ɗabi'ar zuwa bakin teku ɗaukar hoto ranar da ruwa ya yi tashin hankali. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne, kuma igiyoyi ba girmansu ɗaya ba, mutum zai kalli goma suna mutuwa nesa da ƙafarsa, ta sha ɗaya ta hau katangar ta share shi.

Hukumomin waɗannan ƙasashe suna ba da gargaɗi tun kwana ɗaya ko biyu kafin abin ya zo. Faransa ta ɓullo da taswirar gargaɗi mai launuka a 2001, bayan guguwowi biyu na ƙarshen Disambar 1999 da suka kashe mutane da dama, yanzu kuma kusan duk Turai da wannan tsari take aiki. Kore yana nufin babu wata damuwa, rawaya a yi hattara, ruwan lemo a fasa duk tafiyar da ba ta zama dole ba, ja kuwa a zauna a gida, a nisanci gaɓar teku da gindin itatuwa da gine-ginen da ake kan aiki. Matsalar ita ce da Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci ake faɗa, mutanenmu da yawa kuwa ba su riga sun iya waɗannan harsuna ba, labarinsu daga gida suke samun sa ta waya.

Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta keɓe ɗan fili a shafinta na intanet daga watan Nuwamba zuwa Maris, inda za a riƙa kawo gargaɗin hukumomin yanayi na Italiya da Faransa da Sifaniya da ƙasashen Arewacin Afirka cikin Hausa mai sauƙi, tare da gajeren saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatun boko. Na san wani zai ce yin haka tamkar koya wa matasa hanyar tsallaka iyaka ne. Amsata ita ce, dillalan da ke karɓar kuɗinsu sun riga sun koya musu hanyar, abin da suka ɓoye musu shi ne sanyin dutse da halin teku, kuma na tabbata mahaifiyar da ta karanta abin da ke jiran ɗanta a Montgenèvre cikin Janairu ba za ta aika masa kuɗin jirgin ƙasa ba. Ina kuma kira ga shugabannin al'ummar Hausawa da limaman masallatanmu na nan Turai da su riƙa sanar da launin gargaɗin mako bayan sallar Juma'a, su haddace wa sababbin zuwa lambar 112. Idan jaridar ta amince da wannan shawara, akwai ɗalibanmu a nan da suka iya harsunan kuma a shirye suke su riƙa aiko da bayanan ba tare da an biya su ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga birnin Torino, Italiya.