Bizar karatu a Birtaniya: kuɗin aro a asusu ba ya kai ɗalibi ƙarshen karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana da iyaye da ɗaliban da ke haramar tafiya Birtaniya karatu, musamman masu neman digiri na biyu. Akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, inda ejan zai zuba wa ɗalibi miliyoyin naira a asusunsa na wata guda, a buga takardar banki a nemi biza da ita, sannan ya kwashe kuɗinsa ya karɓi ladansa. Mutane na ganin wayo ne. Wallahi abin yana damuna ƙwarai, domin yaron da aka tura ta wannan hanya yakan sauka a ƙasar da ba shi da kowa, ga bashin makaranta a wuyansa, ga aljihu babu komai.

Bari in fara da yadda ake neman bizar, don a gane inda kuɗin ya shigo. Da farko ɗalibi zai sami gurbi a jami'ar da gwamnatin Birtaniya ta ba lasisin ɗaukar ɗaliban waje. Sunayen waɗannan makarantu suna shafin gwamnatin na intanet, kowa na iya dubawa kyauta kafin ya biya ko sisi. Idan ya cika sharuɗɗan da aka gindaya masa ya kuma biya kafin alƙalami, sai jami'ar ta ba shi lambar da ake kira CAS. Wannan lamba ita ce shaidar cewa makarantar ta karɓe shi kuma ta tsaya masa a wurin hukumar biza, tana aiki na wata 6, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. In aka hana shi biza, sai ya koma ya roƙi sabuwa, kuma ba dole ne su ba shi ba. Ɗan Najeriya yana bukatar takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da Birtaniya ta amince da shi, kamar cibiyoyin IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Abuja da Legas. Takardar wani asibiti daban, komai girmansa, ba a karɓa. Ita ma wata 6 take yi, don haka kada a yi gaggawar yin gwajin tun kafin gurbi ya tabbata. Daga nan sai cike fom a intanet, biyan kuɗi, da zuwa cibiyar biza a ɗauki hoto da zanen yatsu. Amsa takan fito cikin mako 3, ko da yake a watannin Yuli da Agusta cunkoso kan ja ta.

Kuɗin bizar kanta ya koma fam 524 a watan Afrilun 2025, kuma yana ƙaruwa lokaci zuwa lokaci, saboda haka a duba kafin a biya. Sai kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a tafi. A nan iyaye da yawa ke yin kuskuren lissafi. Digiri na biyu shekara ɗaya ne, amma bizarsa tana haɗawa da 'yan watanni bayan kammalawa, sai a caje shi kuɗin shekara ɗaya da rabi, wato fam 1,164.

To, sai babbar maganar, wato kuɗin da za a nuna a asusu. Kashi biyu ne. Na farko shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko kamar yadda aka rubuta a CAS. Na biyu kuɗin ci da sha da haya na wata 9, wanda tun daga Nuwamban 2025 ya zama fam 1,529 a wata ga mai zama a Landan, fam 1,171 ga wanda ke wajenta. A ce kuɗin makaranta fam 16,000 ne, an biya 5,000, jami'ar kuma ba a Landan take ba. Saura 11,000, a haɗa da 10,539 na zama, ya tashi fam 21,539. Wannan adadi zai zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma ranar ƙarshe da ke kan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da aka tura fom.

Kwana 28 ɗin nan babu sassauci a cikinsa. Idan kuɗin ya sauka ƙasa da adadin ko da na yini ɗaya ne, an rushe lissafin, sai a faro daga farko. Wanda ya zuba kuɗi cif-cif, naira hamsin ɗin da banki ke cirewa ko kuɗin saƙon waya ya isa ya ja masa asarar biza. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne canji. Jami'in biza ba ya aiki da farashin 'yan canji na Wapa, ba ya kuma aiki da farashin ranar da aka zuba kuɗin. Farashin shafin canjin kuɗi na intanet mai suna OANDA yake dubawa na ranar da aka tura fom. Idan naira ta faɗi a cikin watan, kuɗin da ya isa jiya sai ya gaza yau. Shawarata a ɗora aƙalla kashi 10 cikin ɗari a kai, ko a ajiye kuɗin a asusun dala ko na fam. A kuma duba CAS da kyau: in an ƙara biyan wani abu bayan fitowarta, a rubuta wa jami'a ta gyara adadin, domin jami'in abin da ke rubuce a can yake ɗauka.

Wani wuri da al'adarmu ke karo da dokarsu shi ne mai asusun. A wurinmu kawu ko baffa ko yaya ya ɗauki nauyin karatun yaro abu ne da aka saba, abin yabo ma. Dokar biza kuwa asusun ɗalibin ta sani, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta ba riƙonsa. In na iyaye ne, sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Baffan da ke son taimakawa sai ya tura kuɗin asusun yaron da wuri, kyauta ta gaskiya, kafin a fara ƙirga kwanakin. A kuma tabbata sunan da ke fasfo da na takardar haihuwa da na banki sun zo ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan mahaifi a gaba a wata takarda, a baya a wata, duk a gyara su tun da sauran lokaci.

Yanzu mu koma kan kuɗin aro. Doka ta ce kuɗin ya kasance na ɗalibin ne da gaske, wanda zai iya kashewa a can. Ofishin biza yana da ikon tuntuɓar banki ya tabbatar, yana kuma iya kiran ɗalibi hira ta bidiyo a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan kwas, waɗanne darussa ne a ciki, wa ke biya, mece ce sana'ar mai biyan. Yaron da ejan ya cike wa komai ba ya iya amsa waɗannan. Idan aka kama takardar bogi, ana iya hana shi biza ko da ejan ne ya ƙirƙire ta shi bai sani ba, domin da sunansa aka tura, in kuma aka tabbatar da saninsa aka yi yaudarar, hukuncin na iya kai wa hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Amma a ce ma an tsallake, biza ta fito. Abin da ejan ke faɗa wa iyaye shi ne yaro zai yi aiki ya biya sauran. A yi lissafin tare da ni. Ɗalibin digiri an ba shi izinin aikin awa 20 a mako lokacin zangon karatu, ba a kuma yarda ya yi sana'ar kansa ba. Mafi ƙarancin albashi a 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa. A mako fam 244 ke nan, a wata kimanin 1,050, in har ya sami aikin a makon da ya sauka kuma ya cika awannin kullum, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wannan bai ma kai fam 1,171 ɗin da gwamnatinsu ta ƙiyasta na haya da abinci ba. To daga ina fam 11,000 na makaranta za su fito? Sai yaro ya fara wuce awa 20 a ɓoye, wanda karya sharaɗin biza ne, ko ya riƙa aikin dare yana gyangyaɗi a aji, ko ya daina zuwa ajin, alhali jami'a na ɗaukar sunayen masu halarta tana kai rahoto.

Mun ga ƙarshen irin wannan hali ko ga waɗanda suka tafi da kuɗinsu na halal. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Mayun 2024 aka ba da labarin ɗalibai 'yan Najeriya a jami'ar Teesside ta Ingila da suka kasa biyan kuɗi a kan lokaci, aka dakatar da su daga karatu, aka sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, wasu aka ce su bar ƙasar. Idan jami'a ta janye hannunta daga ɗalibi, yawanci kwana 60 ake ba shi ya tattara kayansa. Ba digiri, kuɗin da aka biya kuma ya tafi. In masu ajiya ta gaske sun shiga wannan, ina ga wanda asusunsa ya koma fayau tun kafin ya hau jirgi?

Magidanta kuma su sani, tun daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu irin na aji ba ya tafiya da mata da 'ya'ya. An bar wannan dama ga masu digirin bincike kamar na uku, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Duk ejan da ya ce zai shigar da iyali ta bayan fage, a guje shi. Izinin zama a yi aiki bayan karatu, wanda da yawa ke dogaro da shi su mayar da abin da suka kashe, shi ma an rage shi daga shekara 2 zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027, kuma ba a samunsa sai jami'a ta tabbatar wa hukuma cewa ɗalibi ya kammala.

Wanda kuɗinsa bai cika ba bana, ya rubuta wa jami'ar ta ɗage masa gurbin zuwa Janairu ko Satumba mai zuwa. Da yawa suna yarda, kuma wasiƙar imel ɗaya ce. Kafin ya biya kafin alƙalami ya nemi ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce, ya karanta ya ga ko za a mayar masa in an hana shi biza, da dalilan da ke sa a riƙe. A wannan tsakani ya gwada tallafin Chevening, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi ga mai shekara 2 na ƙwarewar aiki, da sharaɗin ya dawo gida na shekara 2 bayan ya gama, ko na Commonwealth, ko na PTDF ga masu fannin mai da iskar gas. Fom ɗin Chevening yakan buɗe a watan Agusta, kuma ba a biyan ko kwabo wajen cike shi.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kano