Amsa ga Alhaji game da gyaren da ya daina kuka

Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ana damina lafiya.

A taron manoma a Garwa ka tambaye ni a bainar jama'a: wai gyaren nan da aka ce ya daina kuka a wata ƙasa, dabara ya koya ko halittarsa ce ta sauya? Ranka ya daɗe, duka biyun ne, kuma a ganina ba don dabarar ba, da sauyin bai kai ko'ina ba.

Kukan da ke cika mana kunne da daddare a bakin Binuwai, namijin gyare ne ke kiran mace. Ba da baki yake yi ba, fukafukansa yake gogawa, don akwai wasu 'yan haƙora kamar na zarto a jikinsu. To, a tsibirin Kauai na Hawai, ƙasar Amurka, wannan kukan ne ya zame masa ajali. Akwai wani ƙuda, Ormia ochracea, mai kunnuwa a ƙirji. Macen ƙudan tana bin sautin cikin duhu, ta zuba masa tsutsotsi. Su huda jikinsa, su yi ta cin sa da ransa, bayan kamar mako guda su fito, shi kuwa ya mutu.

Wata masaniya, Marlene Zuk, tana zuwa tsibirin tun 1991, tana lura kukan na raguwa. A 2003 ta tarar da gyare birjik a ciyawa, amma wurin tsit. Da aka duba, fukafukan mazan sun zama sumul, babu haƙoran. Cikin ƙasa da haihuwa 20, sama da kashi 90 cikin 100 na mazan sun zama bebaye. Wannan gado ne, domin ko goga fukafukan suka yi, kuma suna gogawa har yanzu, sauti ba ya fita.

Ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Beben da ba ya kira, ta yaya zai samu mace har ya bar baya? Sai ya laɓe kusa da 'yan kaɗan masu kuka, ya tare macen da ta taho. Su ma matan, an gwada an gani, wadda ta tashi ba ta jin kuka ba ta cika tsananta zaɓe ba. Ka ga hali ne ya buɗe wa gado ƙofa. Ikon Allah ke nan, kuma a idon mutane ya faru, cikin 'yan shekaru.

A 2005 bebayen suka ɓulla a tsibirin Oahu. Binciken da ya fito a 2014 ya nuna ba daga Kauai suka ƙaura ba, nasu sauyin daban ne. A tsibirin Molokai kuma an samu masu wani gurnani ƙasa-ƙasa, wanda matan ke amsawa amma ƙudan ba ya cika gano shi.

Allah ya ƙara girma, a gaida iyali.

Naka,
malamin kimiyya a Garwa