Hotunan Jemagun Hamada da Furen Kukarmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan aikin da masu ɗaukar hoto suke yi da dare a Hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka da arewacin Meziko.

Yatsan mutum ba zai iya cim ma saurin jemage cikin duhu ba, saboda haka sukan girke kyamara a gaban furen saguwaro, wani dogon tsiro mai ƙaya na wannan hamada, ko a bakin ɗan tafkin da jemagu suke zuwa sha, su gitta wani siririn haske da ido ba ya gani, sannan su ja da baya. Da zarar jemage ya ratsa hasken sai na'urar ta kunna filasha da kanta, cikin walƙiyar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Sai ga shi a hoto fukafukai a buɗe, ya cusa dogon hancinsa cikin fure, fuskarsa ta yi buɗu-buɗu da garin furen da zai kai wa wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kama shi ba. Yawancin tsofaffin hotuna na jemagen da aka riƙe ne, yana yaƙe haƙora saboda tsoro, kuma wannan mummunar siffa ce masani Merlin Tuttle, wanda ya kafa ƙungiyar kare jemagu a 1982, ya yi shekaru yana gyarawa da kyamararsa. Shi kuwa ƙaramin jemage mai dogon hanci mai ziyartar furen saguwaro, da Amurka ta sa cikin jerin dabbobi masu fuskantar ƙarewa a 1988, an cire shi a 2018 bayan an kare kogwannin da yake kwana.

Mu ma nan, furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, kuma jemagu suna kan gaba wajen yi musu barbara, amma yaranmu suna harbinsu da danƙo ba su san suna da hannu a daddawar miyarsu ba. Ina kira ga masu ɗaukar hotonmu da malaman jami'o'inmu su gwada wannan dabara a gindin kuka lokacin fure, wannan jarida kuma ta buga abin da suka samo. Sai dai a nisanci makwancin jemagu, domin filasha tana firgita uwa mai goyo.

Naka mai karatu,
daga Zariya